Bulon wasa da lissafi: Yadda 'ya'yan Hausawa suka gina Grendizer a Sabha

Duk Bahaushen da ya zauna Sabha, in ka ce masa "bulo", ciwon baya ne zai fara faɗo masa a rai. Bulo shi ne abin da ake saukewa daga mota da sassafe, a hau da shi bene kafin rana ta take, a karɓi ɗan kuɗin yini da yamma. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ta daɗe tana lissafa 'yan Nijar cikin baƙin da suka fi yawa a Libiya, kuma wanda ya zaga Gurda da Mahdiyya da Manshiyya ya san inda mutanenmu suke: wurin gini, gona, gareji, gidan burodi. Da wuya ka nuna sabon gida a garin nan da gumin Bahaushe bai ɗiga a kansa ba. Sai dai kuma da wuya ka ga Bahaushe ne riƙe da takardar zanen ginin, yana nuna wa wasu inda za a ja bango.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta, inda yawancin ɗalibai 'ya'yan Hausawa ne. Wasu haifaffun nan Fazzan ne, wasu kuma a goye aka zo da su daga Agadas, Damagaram, Tawa ko Maraɗi. In ka tambaye su abin da za su yi in sun girma, da yawa aikin uba suke faɗa, don shi suka buɗe ido suka gani. Aikin uba ba abin kunya ba ne, da shi ake ciyar da su. Amma ina so yaro ya san cewa wanda ya iya ɗaukar bulo, in an koya masa, zai iya auna gini ya zana shi. Wannan tunani ne ya kai mu ga wani ɗan aiki a zangon da ya wuce: muka gina mutum-mutumin nan na katun, Grendizer, da bulon wasa na roba, muka sa shi cikin gilashi, muka gayyaci iyaye su zo su gani. Abu kamar wasa, amma sai da ya ja mu cikin lissafi, ya ja mu cikin sana'ar gini, har ya kai mu zauren malam neman fatawa.

Wane ne Grendizer?

Yaran ne suka zaɓe shi. Na ce su faɗi abin da suke so mu gina, sai ajin ya ɗauka baki ɗaya, "Girandaiza! Girandaiza!" kamar yadda Larabawa ke kiransa. Mai karatu a Kano ko Sakkwato mai yiwuwa bai taɓa jin sunan ba, amma a ƙasashen Larabawa ko mai furfura ya san shi.

Wani mai zane ɗan Japan, Go Nagai, shi ya ƙirƙiro shi. An fara nuna katun ɗin a talabijin ɗin Japan cikin Oktoban 1975, aka kammala cikin Fabrairun 1977, kashi 74. A 1978 ya shiga Italiya da sunan Goldrake, ya shiga Faransa da sunan Goldorak. A Labanan aka juya shi zuwa Larabci, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar. Jihad al-Atrash ya yi muryar jarumin, Sami Clark, wanda ya rasu a 2022, ya rera waƙar buɗewa. Larabcin cikinsa na littafi ne, shi ya sa ko abokin aikina mai koyar da Larabci ba ya faɗa da yara a kansa. Farin jininsa kuwa har yau bai dushe ba. A 2022 an kafa masa siffar ƙarfe mai tsayin mita 33.7 a Riyad ta Saudiyya, ta shiga kundin Guinness, a 2024 kuma aka fito da sabon zubi mai suna Grendizer U.

Labarin a taƙaice: Duke Fleed ɗan sarki ne a wata duniya can nesa. Rundunar Vega ta halaka duniyarsu, ya tsere cikin wani ƙaton injin yaƙi mai siffar mutum da ƙahoni rawaya, wato Grendizer, wanda ke shigewa cikin wani jirgi mai kama da faifai in zai tashi sama. Ya faɗo duniyarmu, wani masanin kimiyya ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, aka sa masa suna Daisuke, ya kama aiki a wata gonar dabbobi. Ranar da Vega ta kawo yaƙi, shi ya tashi ya kare ƙasar da ta ba shi masauki.

Na tambayi yaran me ya sa suke sonsa. Yawanci suka ce ƙarfi. Sai wata yarinya 'yar aji shida ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai shi ma baƙo ne. Sunansa biyu, na gida da na waje, kuma a gona yake aiki kamar babanmu." Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, don kusan kowa a cikinsu yana da sunan da ake kiransa a ɗaki da wanda ake kiransa a titi.

Kada kuma wani ya ce labarin sararin samaniya baƙon abu ne a wurin Bahaushe. Tun 1969, shekara shida kafin Grendizer, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki wani yaro yawon sararin samaniya. Da na faɗa wa yaran haka, ba su yarda ba sai da na rantse.

Bulon da kansa

Wannan bulo da kowa ke kira LEGO, asalinsa daga shagon kafinta ya fito. Ole Kirk Christiansen kafinta ne a wani ƙaramin gari mai suna Billund a ƙasar Denmak. Da aikin kafinta ya ja baya lokacin karayar tattalin arzikin duniya, sai ya koma yin kayan wasan yara na katako a 1932. A 1934 ya sa wa kamfanin suna LEGO, daga kalmomi biyu na yarensu masu nufin "yi wasa da kyau". Bulon roba na farko ya fito a 1949, amma cikinsa fayau yake, ba ya kama ɗan'uwansa sosai. Ranar 28 ga Janairun 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar zubin da muka sani yau: a sama 'yan ƙusoshi masu zagaye, waɗanda ɗalibaina suka raɗa wa suna "haƙora", a ƙasa kuma 'yan bututu. In ka danna, haƙoran sai su matse tsakanin bututun da bangon bulon, su riƙe gam. Bulon 1958 har yanzu yana shiga cikin na bana.

Wa'adin wannan rajista ya ƙare tuni, shi ya sa kasuwa ta cika da na wasu kamfanoni masu shiga cikin juna da na asali. Namu gauraye ne. Wasu na tsinto wurin 'yan gwanjo. Wata uwa mai aikin gida ta kawo mana rabin buhu da uwar ɗakinta ta ba ta saboda yaran gidan sun girma, Allah Ya saka musu da alheri su duka biyu. Ba mu da kwali mai hoto, ba mu da littafin da ke cewa ɗora wannan kan wancan. Muka wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, don kamfanin da kansa yana gargaɗin kada zafin ruwan ya wuce digiri 40. Muka shanya a inuwa, muka ware launi-launi cikin gwangwanayen madara. Sannan kowane yaro ya zauna yana gwada riƙo: wanda ya kama da kyau a tara shi gefe don ƙafafu da ƙugu, mai sako-sako a bar shi don ado.

Kafin mu ɗora ko layi ɗaya, na ba kowane rukuni bulo biyu masu haƙora takwas, biyu a faɗi huɗu a tsawo, na ce su gano hanya nawa za a iya ɗora ɗaya kan ɗaya. Suka kwana biyu suna zanawa, suka kai 46. Daga nan wani yaro ya lura cewa in ka juya ginin a hannunka, yawancinsu biyu-biyu ne iri ɗaya, sai adadin ya dawo 24. Amsar ke nan. In bulo uku ne, hanya 1,560. In shida ne, wani masanin lissafi na Jami'ar Kofanhegan, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta ƙirga, ta ba da 915,103,765. Na rubuta adadin a allo na ce wani ya karanta. Yaron da bai taɓa yarda ya karanta lamba mai gida tara ba, ran nan da kansa ya miƙe.

Daga mita 30 zuwa layi 52

A cikin labarin, tsayin Grendizer mita 30 ne. Mu kuwa akwatin da za mu iya sa a yi mana bai fi ya ɗauki rabin mita da 'yan kai ba. To, yaya za a yi? Nan darasin ma'auni ya shigo. Muka ce kowace santimita ɗaya a teburinmu ta tsaya a madadin santimita 60 na Grendizer. Mita 30 santimita 3,000 ce, a raba da 60, ta ba da santimita 50.

Sai awon bulon. Daga tsakiyar haƙori zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin bulo ɗaya, ban da haƙora, milimita 9.6. Akwai kuma siririn da muke kira falle, mai milimita 3.2, uku daga cikinsa su ne bulo ɗaya. Ke nan milimita 500 a raba da 9.6, layi 52 da ɗan ɓurɓushi. Na shekara ina fama da yaran nan kan rabawa da lamba mai ɗigo, ana kallona kamar ina yaren Sin. Ran nan har gardama suka yi wa juna kan inda ɗigon zai zauna, don kowa ya san in an yi kuskure kan ba zai shiga akwati ba.

Akwai wani tarko da na ɗana musu. Na raba takarda mai gida-gida na ce su zana Grendizer, gida ɗaya haƙori ɗaya a faɗi, bulo ɗaya a tsayi, su gina ƙafa ɗaya ta gwaji. Da suka gina sai ƙafar ta fito siririya zalalo, ba kamar ta zane ba. Na ce su nemo dalili. Wata yarinya ta ɗauki rula ta auna, ta ce, "Malam, gidan takarda faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne, shi kuwa bulo ya fi tsayi." Haka ne. Haƙora shida a kwance milimita 48 ne, bulo biyar a tsaye ma milimita 48 ne. Wato biyar da shida ne ke haɗuwa. Sai suka ja sabuwar takarda da kansu, kowane gida milimita 8 a faɗi, 9.6 a tsayi gwargwadon abin da rula ta iya, suka sake zane: ta gaba, ta gefe, ta sama. A kwalejin horon malamai an sha nanata mana cewa abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama a kansa. Gani ya kori ji.

Darasin magini

Rukunin ƙafafu suka yi ta jera bulo ɗaya kan ɗaya miƙe kamar sanda, don launin ya fito sumul. Na zuba musu ido. Da aka ɗora ƙirji, ƙafar dama ta tsage gida biyu, gini ya zube. Aka sake, ya sake zubewa. Sai wani yaro ya ce, "Malam, in kira Baba?" Babansa magini ne, mutumin ƙasar Tawa, ya daɗe yana gini a Sabha.

Ranar Asabar da la'asar, tunda a nan Juma'a da Asabar ne hutu, ya zo da kayan aiki a jikinsa, siminti har gira. Ya tsaya bakin ƙofa yana cewa, "Malam, ni me na sani a nan?" Na ce, "Baba, shigo dai ka duba mana." Ya ɗauki ƙafar ya juya, ya yi murmushi, ya ce wa yaran, "Kai, wa ya ce muku ana ɗora gaɓa kan gaɓa? Ko bangon bayan gida aka yi haka ai sai ya faɗi." Ya nuna musu yadda kowane bulo zai hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, layi ya ɗaure layi. Ya ce a faɗaɗa tafin ƙafa, a cika ƙasa da nauyi, a bar cikin ƙirji fanko. Ya ciro zare daga aljihu, ya ɗaura wa ɗan dutse, ya saki daga wuyan Grendizer, ya ce in dutsen bai sauka tsakanin ƙafafu biyu ba, to faɗuwa ce ke jira. Abin da littafin kimiyya ke kira cibiyar nauyi, shi ya koyar da shi cikin minti biyar, ba alli ba allo.

Da zai tafi ya ce mini, "Malam, tunda yaron nan ya shiga makaranta, ba a taɓa kirana ba sai kan kuɗi ko kan laifi. Yau ne na farko da aka kira ni don abin da na sani." Ɗansa yana tsaye a gefe yana jin komai.

Washegarin komawa aji na ba su labarin magabatansu a wannan sana'a. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizo na laka waɗanda masana zanen gini ke zuwa kallo har yau. Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa, ya fara masallacin Juma'ar garinsu a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Yaran nan suna da gado a harkar auna abu da zana shi, ba a dai faɗa musu ba ne.

"Malam, wannan ba gunki ba ne?"

Ana cikin ginin kai da ƙahoni, wani uba ya same ni bayan sallar magariba. Mutum ne mai karatu, mai natsuwa. Ya ce, "Malam, ni fa ban kawo ɗana boko don ya sassaƙa gunki ba. Abu mai kai, mai hannu, mai ƙafa, a sa shi cikin gilashi mutane su taru suna kallo, me sunan wannan?"

Tambaya ce mai nauyi, ba ta raini ba. Hausa ma da kanta ta ƙara mana ruɗani, don da kalma guda, mutum-mutumi, muke kiran abin korar tsuntsu a gona, da siffar da aka sassaƙa, da injin da ke aiki da kansa. Fatawa kuwa ta malamai ce. Sai na ɗauki zanen, ni da uban muka tafi wurin malamin da ke ba da karatu a unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ke tafe da mu."

Malam ya fara da abin da ya tsananta. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu surantar da abu mai rai, sun kuma ambaci cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da surori. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda mu da mutanen Libiya duk muke kai, haramcin yana kan siffar abu mai rai, wadda ke da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku. Sannan ya kawo ɗaya ɓangaren. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, tare da ƙawayenta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai, Annabi ya gani ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa da ulu don su shagala har su kai azumin Ashura. Alƙali Iyad, mai Ashafa, yana cikin malaman da suka ce an keɓe 'yar tsanar yara daga wancan hani. Ya ƙara da cewa akwai malaman da suka fi haka tsanantawa, kuma wanda ya bi su don tsantseni ba a zarginsa.

Game da namu, Malam ya ce ko a cikin labarin inji ne da mutum ke tuƙawa, kamar mota ko jirgi, kuma yara ne suka yi don koyo. Amma tunda an ba shi ƙirar ɗan Adam, ya ba mu shawara huɗu: kada a yi masa idanu da baki, kada a ajiye shi ɗakin da ake salla ko ta fuskar alƙibla, kada a mai da shi abin girmamawa na dindindin, kuma kada a tilasta wa ɗan kowa. Duk muka ɗauka. Fuskar muka bar ta shafe, aka yi alkawarin warware shi ƙarshen zango.

Shi uban bai sauya ra'ayi ba. Ya ce har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ɗansa ya taɓa siffar ba. Na ce babu komai. Sai aka ba yaron ginin jirgin nan mai kama da faifai, wanda ba kai ba ƙafa, kuma shi ya fi komai wuya, don fitar da da'ira daga bulo mai kusurwa sai an yi ta matsawa rabi-rabi ana aunawa da zare daga tsakiya. Ya yi shi, ya kuma yi kyau.

Abu ɗaya kuma yaran suka yanke da kansu. A katun, Grendizer yana da makami mai baki biyu kamar lauje. Maza suka ce a yi masa. Wasu suka ce a'a. Yaran da suka girma a garin da aka yi faɗa a 2012 da 2014 da 2018, waɗanda wasunsu sun san kwanan ƙarƙashin gado saboda ƙarar harbi, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Aka ɗaga hannu, masu cewa a bar shi hannu sake suka rinjaya.

Ranar nuni

Nuna abu a Sabha yana da nasa sharuɗɗa. Na farko ƙura: in iskar gibli ta taso, ko cikin kwano rufaffe sai ka ga yashi, kuma in ya shiga tsakanin haƙoran bulo, fitar da shi sai da burushin haƙori. Na biyu rana: irin wannan roba, musamman fara, in ta daɗe cikin hasken rana sai ta koma ruwan ɗorawa. Na uku hannun ƙananan yara. Saboda haka wani mai haɗa tagogin alminiyam, shi ma ɗan'uwa ne, ya yi mana akwati da ragowar gilashi, ya bi gefuna da roba, bai karɓi ko dinari ba. Muka ajiye a kan tebur daidai idon yaro, nesa da taga.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne abin da za a sa kusa da akwatin. Muka manna duk zane-zanen a bango, har da na farko mai siririyar ƙafa. Muka manna lissafin ma'auni, da zaren magini da dutsensa. Kowane bayani aka rubuta shi da Larabci, aka rubuta da Hausa, boko da ajami, don iyayen da allo kawai suka yi su ma su karanta. A ƙarƙashin kowane sashe aka sa sunan waɗanda suka yi shi. Yaran ne suka tsaya suna bayani, ni ina gefe.

Iyaye suka zo, mata sun fi yawa kamar kullum. Maƙwabtan makarantar Larabawa ma suka leƙo. Wani dattijo daga cikinsu yana shigowa ya kira sunan Grendizer da ƙarfi, yana dariya kamar ya ga abokin ƙuruciya. Ya tambaya daga Tarabulus aka sayo ko daga Dubai. Yarinyar nan mai rula ta amsa masa da Larabcin Sabha tas, ta ce su suka zana, su suka auna, ta ja shi wurin bango ta nuna masa biyar da shida. Ya daɗe a tsaye yana dubawa, sannan ya tambayi sunan mahaifinta. Uban da ya yi ƙorafi shi ma ya zo. Bai tsaya gaban akwatin ba, ya wuce wurin faifan ɗansa, ya sa yaron ya yi masa bayanin yadda ya fitar da da'irar.

Ga mai son gwadawa

Iyaye da malamai 'yan'uwana, a Sabha ne ko Ubari ko Murzuk ko Gat, abin ba ya buƙatar dukiya. Bulon gwanjo ya isa, a dai wanke shi. A nisantar da ƙananan daga yaron da bai kai shekara uku ba, don yana iya haɗiyewa ya shaƙe shi. Irinsu akwai manya da aka yi dominsu. In bulon bai samu ba, kwali yana nan, gwangwani yana nan, waya tana nan. Mu da muka taso muna haɗa motar kara da ta langa-langa mun san ba a rasa abin gini. Sharaɗin kawai shi ne yaro ya zana kafin ya gina, ya auna kafin ya zana, kuma in ya gama a ajiye aikin inda mutane za su gani da sunansa a jiki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da siffa ba, ga jirgi, ga mota, ga gada, ga masallaci. A kuma riƙa kiran iyaye masu sana'a cikin aji: magini, kafinta, mai walda, tela. Ilimin da ke hannunsu ya fi ƙarfin a bar shi a bakin ƙofa.

Mu dai mun cika alkawari. Makon ƙarshe na zango yaran suka warware Grendizer da hannunsu, bulo ya koma gwangwani, zanen muka adana. Aikin zango mai zuwa an riga an zaɓa: hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sabunta a 1844, UNESCO kuma ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Tsayinta mita 27, duk na laka. A ma'auninmu na ɗaya bisa 60, santimita 45 ke nan, layi 47. Wahalarta ita ce tana tsukewa a hankali tana hawa, ga kuma itatuwan da suka fiffito a jikinta. Yaron da ya gina faifai shi ajin ya naɗa shugaban aiki, mahaifinsa kuma ya ce zai kawo mana hotunan da ya ɗauka da wayarsa lokacin da ya biyo ta Agadas. Abin da ya rage mana yanzu bulo ne mai ruwan ƙasa. Duk wanda ya ci karo da shi a gwanjo, don Allah ya tuna da mu.